"Zai Shiga" Ba Gyara Ba Ne



Yau faɗa na zo yi, kuma gara in faɗi abokin faɗan tun daga farko don kada wani ya tsargu a banza. Abokin faɗana kalmomi ne guda biyu da kowannenmu ya taɓa ji a bakin mai shago ko bakanike, wasunmu ma sun sha furta su da bakinsu: "Zai shiga." Wani lokaci sukan taho da ƙaninsu, wato "Ai duk ɗaya ne." A ganina waɗannan kalmomi sun kashe tsofaffin injina a garuruwanmu fiye da yadda tsufa ya kashe su. Ba labari aka ba ni ba, saura ƙiris su kashe abu mafi daraja da mahaifina ya bari a hannuna.

Abin nan babur ne, roba-roba, Honda C70 mai jan jiki da farar garkuwa a gaba. Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin ariyas ɗin Udoji, lokacin yana ƙaramin malamin firamare, ko aure bai yi ba. A kansa ya yi zaryar zance gidan su Inna, a kansa ya yi shekara talatin da wani abu yana zuwa aiki, a kansa kuma aka kai ni makaranta ranar farko, ni auta, ina tsaye a gaba tsakanin gwiwoyinsa. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, babur ɗin ya shekara takwas a zaure ƙarƙashin tsohuwar tabarma, kaji na yin ƙwai a gefensa. Da 'yan gwangwan suka fara zarya suna taya shi a kilo, Yaya ya ce a sallama kawai a huta. Ni kuwa lokacin na gama difiloma a fannin kanikanci, ina ji da kaina, na ce a bar mini shi, wata ɗaya ya ishe ni in tayar da shi. Sai da na ci wata bakwai.

Ga wanda bai sani ba, roba-roba ɗan gidan Super Cub ne, babur ɗin da kamfanin Honda na Japan ya fara fitarwa a 1958, wanda a 2017 yawan waɗanda aka ƙera ya cika miliyan 100. Injinsa kwantacce ne, silinda ɗaya mai kallon tayar gaba, kuma irin wannan injin ne aka dasa wa 'yan ƙananan baburan nan na Honda, Monkey da Dax, waɗanda masu sha'awar tsofaffin kaya a Turai da Amurka da Japan ke farauta yanzu. Daga baya masana'antun China suka kwaikwayi zanen suka cika duniya da shi, har ƙauyen da babu asibiti za ka sami mai sayar da kayansa. Wannan alheri ne, domin da wuya ka rasa abin da ya yi kama da wanda kake nema. Nan kuma tarkon yake, domin kamar ce kawai ake samu cikin sauƙi.

Da na buɗe injin na tarar zobban fistin sun manne, jikin fistin ɗin kuma ya kakkarce. Na wanke hannu na nufi kasuwa, ban ɗauki tsohon fistin ba, ban rubuta lambar injin ba, daga ni sai bakina. Na ce wa mai shago, "Alhaji, fistin ɗin roba-roba 70 nake nema, amma na tsohon yayi, mai kwantak." Ya miƙa hannu baya, ko waiwayawa bai yi ba, ya ajiye mini kwali mai sheƙi. Na ce, "Ka tabbata na tsohon ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, kai dai je ka sa, zai shiga." Alhaji kuwa bai yi ƙarya ba, ya shiga. Faɗinsa milimita 47 daidai da ramin silinda, fin ɗinsa milimita 13 ya zauna a sandar fistin lafiya lau. Na ɗaure komai, na zuba baƙin mai, na taka kik, sai ƙafata ta wuce ƙasa sululu kamar na taka iska. Da turi ya tashi, da ya tashin kuma ko ni kaɗai ba ya iya haura ɗan tudun bakin layinmu sai na sauka.

Daga nan aka shiga gyaran gangar Auzinawa. Bakaniken unguwarmu ya saurari ƙarar ya ce kafireto ne, aka cire na Keihin da babur ya zo da shi daga Japan aka sa sabo ɗan kwali, wanda shi ma "ya shiga". Ba a ga canji ba, ya ce kwayil ne. Aka canja kwayil, ya ce filogi ne. Kowane zuwa da kuɗinsa, kowane sabon kaya da ciwon da yake ƙarawa, har ya zama ba na iya raba cutar asali da wadda magani ya jawo. Yaya kuwa duk lokacin da ya gan ni ina tura babur sai ya ce, "Auta, har yanzu 'yan gwangwan suna nan fa."

Wanda ya warware mini wani dattijo ne da aka yi mini kwatancensa, bakaniken babura tun shekarun 1970, yanzu ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida yana ɗan taɓa janareto. Bai ko tayar da injin ba. Ya danna kik da hannu sau biyu, ya ce in kwance kan silinda. Ya juya maganeto har fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa, ya shafa da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai bai iso ba. Ina tsohon?" Allah ya taimake ni ban jefar ba, yana cikin gwangwanin notina. Washegari na kawo shi, muka ciro sabon, dattijo ya ɗauki fin ɗaya ya zura wa fistin biyun gefe da gefe, ya ɗaga su saitin idona. Na Baba ya fi tsawo, kansa kuma ya fi tudu, bambancin da makaho ma zai ji da hannu. Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. A makarantar taku ba a faɗa muku ba?" Na ce, "An faɗa Baba, ni ne ban ɗauka abin ya zo har nan ba."

Ga abin da ya faru a sauƙaƙe. Ramin silindar C70 milimita 47 ne, fistin kuma yana tafiyar milimita 41.4 gaba da baya, wannan ya ba da cc 72 ɗin da aka taƙaita ake cewa 70. Tsofaffin, irin na mahaifina, wutarsu 6V ce, kwantak ke ba filogi wuta. Daga shekarun 1980 Honda ya koma 12V da CDI, bai kuma tsaya a wuta kaɗai ba, ya taɓa cikin injin: sandar fistin ta ƙara tsawo, fistin ya rage tsawo daga ramin fin zuwa kansa, siffar kan fistin da ta ƙwaryar kan silinda suka canja. Mafi yawan injinan China wannan sabon tsarin suka bi, saboda haka fistin 47 ɗin da za a fara miƙo maka a shago na doguwar sanda ne. Ka ɗora gajeren fistin a gajeriyar sanda, ba zai kai inda ya kamata ba, iska da fetur ba za su matsu ba, injin da babu matsi kuwa ba shi da ƙarfi ko da kafireton zinare ka sa masa. In aka yi akasin haka, dogon fistin a doguwar sanda, abin ya fi muni, domin zai iya dukan kan silinda ko ya lanƙwasa bawul tun a takun farko. Duka biyun kuma "sun shiga".

Kada wani ya ɗauka fistin ne kaɗai. Farantin haƙoran da ke juya kamshaf, na tsohon yayi ƙusa uku ke riƙe shi, na sabon biyu. Sarƙar taimin ta 50 da 70 gaɓa 82 ce, ta 110 ɗin China 84, a ido ba za ka raba su ba sai ka zauna ka ƙirga, kuma mai 84 za ta zagaya ta yi sako-sako, ta yi ta kaɗawa har ranar da za ta tsallake haƙori. Maganeton tsofaffin ba kamfani ɗaya ya yi su ba, akwai na Hitachi akwai na Mitsubishi, kowanne da irin kwantak ɗinsa, sunan yana jikin maganeton amma ba mai dubawa. Bakin karanshaf inda maganeto ke zama ya bambanta tsakanin 6V da 12V, na kuma ga wanda ya sa guduma don ya zaunar da shi. Ƙwan fitila na 12V zai shiga gurbin na 6V, ya ba ka haske irin na aci-bal-bal. Mafi haɗari shi ne gaskit. Baƙin mai yana kai wa kan silinda ne ta wata siririyar hanya da ke bin ɗaya daga cikin dogayen ƙusoshin silinda. In aka sa gaskit ɗin da bai dace ba, ko aka lafta gam ya toshe hanyar, injin zai tashi ya yi ƙara mai daɗi, kamshaf na cin kansa a bushe, bayan 'yan kwanaki a ce maka ai tsufa ne.

To laifin wa? Gida uku na raba shi, kuma ba wanda zan ɗaga wa ƙafa.

Na farko mai shago. Ɗayan biyu ne: ko ya san fistin nan ba na injina ba ne, ko bai sani ba. In ya sani ya yi shiru don ciniki ya faɗa, wannan ha'inci ne, ba ya buƙatar wani sabon suna. In bai sani ba kuma ya ce "zai shiga" da murmushi, ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Mene ne abin kunya a ce, "Ban tabbata ba, je ka kawo tsohon mu gwada"? Mutum ya shekara ashirin yana sayar da kayan babur, ya san farashin kowane kwali ko cikin barci, amma bai taɓa ajiye ma'auni ɗaya a kan kanta ba. Sannan a bangon shagon an rubuta cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Wato hasashen nasa ne, asarar taka ce.

Na biyu bakanike, irin mai gyaran canki-canka, wanda ba ya neman cuta, sai dai ya yi ta canja kaya har Allah ya sa a dace ko aljihun mai babur ya ƙare. Tazarar bawul a wannan injin milimita 0.05 ce idan ya huce, ko kaurin takardar littafi ba ta kai ba. Tazarar kwantak tsakanin 0.3 ne da 0.4. Ta yaya za a saita wannan da kunne da yatsa? Siraran ƙarafunan da ake auna ta da su kuɗinsu bai fi na sifana mai kyau ba, amma ka zaga garejin babura goma ka ƙirga inda za ka same su. Kuma irin wannan bakaniken shi ke raina tsohon kaya, ya cire kafireton da wanki kawai yake buƙata ya wurga ƙarƙashin benci, gobe yaronsa ya haɗa da tarkace ya kai wa mai sikeli.

Na uku mu masu kaya, ni ne kuma na gaba a layi. "Nawa ne?" muke fara tambaya kafin "Na wane inji ne?" Muna son a gama yau, muna jin haushin bakaniken da ya ce a jira a nemo daidai, mu ce ya cika iyayi, mu koma wurin mai "zai shiga". Ni da aka koya wa awo a aji, na riƙe baniya da maikuromita a ɗakin gwaji, na rubuta jarrabawa a kai na ci, sai na ajiye ilimin a ƙofar makaranta na tafi kasuwa hannu rabbana. Tsohon da bai taɓa riƙe takardar shaida ba ya yi awon da fin guda ɗaya. Wannan kunyar tawa ce, ba zan rataya wa kowa ba.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini ido da ido.

Za a ce, "Kai ɗan boko, orijinal ai babu, in ma akwai talaka ba zai iya ba." Ku lura, ban ce kowa ya nemi orijinal ba. Maganata a kan daidai ce. Fistin kwaikwayo mai kyau da aka yi a Tailan ko Taiwan musamman don injin 6V ya fi amfani ga babur ɗin mahaifina a kan fistin Honda na gaske da aka yi don 12V. Sunan da ke jikin kwali ma ba hujja ba ne, kwali bugawa ake yi. Batun talauci kuwa a wajena yake ba da shaida, domin mai kuɗi ne ke iya sayen abu sau uku bai ji a jikinsa ba. Na sayi fistin da kafireto da kwayil da filogi, na biya kuɗin aiki sau huɗu, jimillarsu ta ninka kuɗin fistin ɗin da ya dace. Araha ba ta ado, wannan kuma ko arahar ba ta yi ba.

Za a ce, "Kana raina basirar makanikanmu, waɗanda ke raya matattun injina da waya da roba." Allah ya kiyaye in raina su, wanda ya cece ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Amma a bambance dabara da ganganci. Wanda ya rasa gaskit ya samo takardar da ta dace, ya ɗora ta a bakin ƙarfe ya fitar da kowane rami har da na baƙin mai, wannan mai dabara ne, kuma awo ya yi ko da bai kira shi awo ba. Wanda ya ɗauki guduma don abu ya ƙi zama, wannan mai ganganci ne. Mai dabara yakan ce maka, "Wannan zai kai ka gida, amma ka nemo nasa cikin makon nan." Mai ganganci cewa yake an gama, ya karɓi kuɗi. Duk wanda ya haɗa su a kwando ɗaya da sunan kare makanikai, na kirkin ya zalunta.

Za a ce, "Me ya kai ka wahala? Cire injin ka dasa 110 na China, ai yana zama a firam ɗin." Gaskiya ne yakan zauna, kuma ba ni da ja da magidancin da babur ne abincinsa, gobe da asuba yake son fita, ya zaɓi wannan hanya. Amma a kira abin da sunansa, canjin inji ne, kuma shi ma yana da nasa lissafin: sai an mayar da wayoyi da batir da fitilu 12V, birkin da aka yi wa cc 72 zai riƙa tsayar da inji mai ƙarfin da ya fi nasa, lambar inji kuma ta saɓa da ta takardun babur. Tsohon injin ina za shi? Wurin mai sikeli, daga can sai tukunyar narka ƙarfe. Kowane ɗaya da aka narka ya tafi da kan silinda da maganeto da kafireton da wani zai zo yana nema ido rufe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hukuncin da ake yankewa: injin da ya yi shekara sama da talatin yana kai malami makaranta, a sa masa fistin ɗin da ba nasa ba, ya kasa, a ce ya mutu. An ba mai lafiya maganin wani, an dawo ana cewa ajali.

Za a kuma ce, "Duk wannan surutu a kan babur?" To wanda ya saba cewa "zai shiga" a kan fistin, shi ne zai faɗa a kan takalmin birki. Shi ne zai faɗa a kan wayar wutar gida da ba ta kai kaurin da ake buƙata ba, da kan tukunyar gas. Fistin da bai dace ba kuɗi da lokaci ya ci mini. Birkin da bai dace ba ba ya ba mutum damar dawowa shago ya yi ƙorafi.

Tunda na yi faɗa, bari in bar abin da wani zai amfana da shi, ko babur ne a zaurensu, ko keken ɗinki, ko injin ban-ruwa.

Fara da lambar inji. A roba-roba tana gefen hagu, can ƙasa kusa da abin taka giya, ta mahaifina ta fara da C70E. Kankare dattin ka rubuta ta, ka ɗauke ta hoto, da sunan da ke jikin maganeto da na kafireto.

Kada ka yar da komai. Duk abin da aka cire, ko ya fashe, zuba shi a gwangwani ka ajiye har sai babur ya yi wata yana tafiya lafiya. Da tsohon za ka je kasuwa, ka ɗora shi kusa da sabon a kan kanta, ka ƙirga ramuka da haƙora da gaɓoɓi a gaban mai shago. In fistin ne, yi dabarar dattijo, ka zura musu fin ɗaya.

Auna kafin ka saya. In silinda ta cinye, sai an faɗaɗa ta a wurin masu injin gyaran ƙarfe, kuma fistin na ƙari mataki huɗu ne: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, lambar tana bisa kan fistin. Fistin ake fara samu, sannan a kai shi tare da silindar a faɗaɗa ta daidai da shi. Kada ka yarda a tsallaka da kai 1.00 don shi ne ke shago, domin daga shi babu sauran mataki, an cinye wa silindar sauran rayuwarta a zama ɗaya.

Koyi karanta lambar kaya. Ta Honda kashi uku ce, lamba biyar, sai uku, sai uku. Biyar ɗin farko suna faɗin ko mene ne kayan, misali 13101 fistin ne na asalin awo. Ukun tsakiya suna nuna samfurin babur ɗin da aka fara ƙera kayan dominsa, shi ya sa wani lokaci za ka ga kayan Dax ko Monkey da na roba-roba lambarsu ɗaya, wanda ke nufin abu ɗaya ne da gaske, da shaidar kamfani. Littattafan kayan tsofaffin baburan nan suna intanet da zanensu. Nemi abu da lambarsa, domin "fistin ɗin roba-roba" suna ne da ya rufe abubuwa da yawa.

Bi tsofaffi. Tsohon shago mai ƙura a bayan kasuwa, tsohon bakanike da ya daina fita, har su 'yan gwangwan ɗin, in ka riga tukunya. Tsohon kaya na asali da aka auna aka ga bai cinye ba sau da yawa ya fi sabo marar asali. In za ka aika Nnewi, inda cinikin kayan babur ya yi suna a ƙasar nan, tura hoton tsohon da awonsa da lambar inji, kada ka tura suna kawai.

Sannan kafin ka miƙa kuɗi ku yi magana a kan mayarwa in bai dace ba. In ana neman cuta kuma, abu ɗaya ake canjawa a gwada kafin a taɓa na biyu.

Mu dai da muka auna silindar mun tarar ta ɗan cinye. Dattijo ya tura ni wurin wani abokinsa mai tsohon shago, wanda ya shafe kusan awa yana tonon kwalaye kafin ya fito da fistin 0.25 na 6V da zobbansa, takardar ta yi ja don daɗewa. Aka faɗaɗa silinda daidai da shi. Na koma garejin unguwa na tsugunna na zaro kafireton Keihin daga ƙarƙashin benci, Allah ya sa yaron bai kai gare shi ba, muka wanke shi muka mayar. Muka saita bawul da kwantak da ma'auni. A taku na biyu ya tashi. Da na shigo da shi layinmu da yamma, Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu ta tsaya a bakin zaure, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Haka yake yi in ya shawo kwanar masallaci." Yaya kuwa tun ranar bai sake ambaton 'yan gwangwan ba, sai dai aron babur ranar Juma'a.

Roƙona bai fi ƙarfin kowa ba. Mai shago ya ajiye ma'auni, ya koyi cewa "ban sani ba". Bakanike ya nemo cuta kafin ya rubuta magani, ya kuma mayar wa mai kaya tsohon kayansa. Mu kuma in aka ce mana "zai shiga", mu tambaya, "Nasa ne?" Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan uwa masu shago da makanikai da ke cikinmu, fili a buɗe yake, a zo da hujja, in an gamsar da ni zan karɓa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da ciniki zai wuce. Sai wani makon in muna da rabon gani.